Manyan Tayoyi da Shan Mai: Abubuwan Mamaki a Taƙaice

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur a Najeriya, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a cikin 2024. Daga nan masu jif da Hilux da Land Cruiser suka fara yi wa tayoyinsu wani kallo daban, musamman waɗanda suka cire na kamfani suka ɗaura manya masu haƙora. Motar ta yi kwarjini, cikinta ya daina kartar ƙasa a hanyar ƙauye, amma allurar tanki ta koyi saurin sauka. Ga wasu abubuwa game da lamarin, wasu na ban mamaki, wasu kuma na rage asara.

Maleji ma yana shiga ruɗu

Maleji ba ya ganin hanya. Juyin taya yake ƙirgawa, ya ninka da tsawon da kamfani ya faɗa masa. Taya mai lamba 265/70R16 tsayinta milimita 777 ne, kuma duk juyi ɗaya tana cin kimanin mita 2.44. Idan aka sauya ta da 285/75R16, tsayin ya koma milimita 834, juyi ɗaya ya zama mita 2.62. Bambancin ya ɗan haura kashi 7 cikin 100, maleji kuwa bai san an yi ba. Direban da ya ga kilomita 400 bayan ya ƙona lita 50 zai ce motarsa kilomita 8 take yi a lita. A gaskiya kilomita 429 ya yi, wato kusan 8.6 a lita. Ke nan wani ɓangare na ƙarin shan man da ake kuka da shi a lissafi kawai yake. Abin tsoron shi ne allurar gudu ma haka take: tana nuna 100, motar tana kan 107. Manhajar taswira ta wayar hannu ta isa ta nuna gaskiyar gudun, kuma a motocin zamani ana iya shigar da sabon girman tayar a kwamfutar motar.

Ƙarin tsayi, ragin ƙarfi

Ragin ƙarfi babban dalili ne na ƙarin shan man, kuma shi aka fi mantawa. Ƙarfin inji yana bi ta giya, ya sauka a giyar aksil, sannan ya isa taya. Kamfani ya auna giyar aksil ɗin daidai da tsayin tayar da ya sa. Da zarar taya ta ƙara tsayi, ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu daidai gwargwadon ƙarin. Mota mai giyar aksil 4.10 da tayar inci 31, idan aka ɗaura mata inci 35, sai ta koma kamar mai 3.63: turawarta ta ragu da kusan kashi 11 cikin 100 a kowace giya. Tashi daga tsaye ya yi nauyi, hawan tudu ya zama aiki, direba ya ƙara danna totur ba tare da ya lura ba. Mai giyar hannu zai ga giya ta biyar ta zama ta ado, kullum yana kan ta huɗu. Mai otomatik kuwa zai ji tana ta kai-komo tsakanin giya biyu, man giyar yana ɗaukar zafi.

Maganin shi ne a sauya giyar aksil, kuma lissafin ba wuya: a ninka lambar tsohuwar giya da tsayin sabuwar taya, a raba da tsayin tsohuwar. Misalin da ya gabata zai ba da 4.63, mafi kusa da shi a kasuwa kuwa 4.56 ne. Kamfanonin da kansu haka suke yi. Jeep Wrangler da ke fitowa daga kamfani da tayar inci 35 tana zuwa da giya 4.56, Ford Bronco mai irin wannan taya kuma da 4.70. Wanda ya sayi taya irin tasu bai sayi giya irin tasu ba, rabin aiki ya yi. A kula: mota mai jan ƙafa huɗu aksil biyu gare ta, kuma dole a sauya na gaba da na baya tare. Aiki ne mai tsada da ke buƙatar bakanike mai haƙuri da kayan awo, shi ya sa a ganina ya kamata a sa kuɗinsa cikin lissafi tun kafin a je shagon taya.

Motar da ta fi tafiya da baya

A 1939 aka ƙera wata ƙatuwar mota a Chicago ta Amurka domin tawagar Richard Byrd mai zuwa yankin ƙanƙara na ƙarshen kudancin duniya. Thomas Poulter ne ya tsara ta. Tsawonta kusan mita 17, kowace taya tsayin mita 3, amma sumul suke, ba haƙori. Da aka sauke ta kan ƙanƙara a farkon 1940 sai tayoyin suka riƙa juyawa a wuri ɗaya suna nutsewa. Daga baya ma'aikatan suka gano ta fi kama ƙasa idan tana ja da baya. Tafiya mafi tsawo da ta taɓa yi a can, kilomita 148, da baya aka yi ta. A can aka bar ta, kuma rabon da a gan ta tun 1958.

Kilo ɗaya a taya ya fi kilo ɗaya a but

Kayan da ke cikin mota turawa kawai inji zai yi. Taya kuwa sai ya tura ta gaba kuma ya juya ta, aiki biyu. Nauyin da ke can bakin tayar, wurin haƙora, kusan ninki biyu yake zama a lokacin tashi. Tayar kamfani ta Hilux ba ta cika wuce kilo 20 ba, tayar laka mai inci 35 kuwa tana kai kilo 30 ko fiye. A ninka da huɗu, a ƙara safaya. Wannan nauyi bai cika damun mai doguwar tafiya a gudu ɗaya ba. Mai shan wahalarsa shi ne mai yawo cikin gari, daga danja zuwa danja, yana tashi yana tsayawa. Birki ma yana jin jiki, domin tsayar da babbar taya ya fi wuya.

Roba tana cin mai

Duk juyin da taya ta yi, ɓangaren da ya taɓa ƙasa yana lanƙwashewa sannan ya miƙe. Roba ba ta mayar da duk ƙarfin da aka matsa ta da shi, saura yana zama zafi. Shi ne ɗumin da ake ji idan aka dafa taya bayan tafiya, kuma daga tanki ya fito. Manyan haƙoran tayar laka sun fi motsi da murɗewa a kan kwalta, shi ya sa suke gurnani, shi ya sa kuma suke shan mai. Wani rahoto da Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta fitar a 2006 ya ƙiyasta cewa rage wannan tirjiya ta taya da kashi 10 cikin 100 yana rage shan mai da kashi 1 zuwa 2.

Abin mamaki a nan: tsohuwar taya ta fi sabuwa sauƙin birgima, domin robar da za ta lanƙwashe ta ragu. Tirjiyarta tana iya sauka da kusan kashi 20 cikin 100 daga sabuntarta zuwa suɗewarta. Saboda haka duk wanda ya sauya tayoyi zai ga mai ya ɗan ƙara tafiya, ko da girmansu ɗaya da tsofaffin. Wannan ba hujjar yawo da taya mai sanƙo ba ce. Rai ya fi lita.

Doguwa siririya

Tsayi kaɗai ba shi ne laifin ba. Da kamfanin BMW ya fito da ƙaramar motarsa mai lantarki, i3, a 2013, tayoyin da ya sa mata 155/70R19 ne: dogaye, amma faɗinsu milimita 155 kacal. Doguwar taya ba ta lanƙwashewa sosai, siririya kuma ba ta tare iska. Tun kafin nan, Citroën 2CV ta Faransa da ta fito a 1948, wadda aka tsara domin manomi ya ratsa gonar da aka yi wa huɗa da kwandon ƙwai ba tare da ya fashe ba, tayoyinta faɗin milimita 125 ne. Haka kuma Land Cruiser samfurin 70, da ake ƙerawa tun 1984, ta yi suna ne a kan siraran tayoyi 7.50R16, kuma da irinsu motoci masu jan ƙafa huɗu da yawa suka ratsa hamadar Tenere daga Agadas zuwa Dirku da Bilma. Mai son motarsa ta ɗaga daga ƙasa zai iya samun tsayin inci 33 a taya 255/85R16, ba sai ya ɗauki mai faɗin inci 12.5 ba. Faɗin, a mafi yawan lokuta, don ido ake sayensa.

Sirrin rairayi: a rage iska

Wani jami'in sojan Ingila, Ralph Bagnold, ya yi ta ratsa hamadar da ke tsakanin Masar da Libiya da Sudan daga ƙarshen shekarun 1920 da ƙananan motocin Ford masu jan ƙafa biyu kawai. Cikin dabarunsa har da sassauta iskar taya kafin shiga tudun yashi. Idan iska ta ragu, tafin tayar yana ƙara tsawo fiye da yadda yake ƙara faɗi, sai nauyin motar ya bazu, kamar yadda tafin raƙumi ke buɗewa idan ya taka rairayi. Motar da ke tafiya a saman yashi ba ta ƙona man da mai haƙa rami da tayoyinta ke ƙonawa. Bagnold ya rubuta littafi kan yadda iska ke tafiyar da yashi a 1941, kuma yau akwai tuddan yashi a duniyar Mars da hukumar NASA ta sa wa sunansa.

Sojojin Amurka ma sun yi amfani da wannan dabara. Motarsu DUKW ta 1942, mai tafiya a ruwa da tudu, ita ce ta fara zuwa da na'urar da direba ke ƙara wa taya iska ko ya rage yana zaune a kujerarsa. A Ayisland kuwa, inda kamfanin Arctic Trucks ke ɗaura wa Hilux tayoyin inci 38 da 44, ana rage iskar har ƙasa da psi 5 (psi ma'aunin iskar taya ne) domin motar ta yi yawo a saman dusar ƙanƙara. Da irin wannan Hilux ɗin 'yan shirin talabijin na Top Gear suka yi tafiyarsu ta kan ƙanƙarar arewacin Kanada a 2007. A irin waɗannan wurare babbar taya tana biyan kuɗinta.

Amma a mayar da iskar

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fito daga yashi a hau kwalta da iskar yashi. Taya mai ƙarancin iska a gudu tana ɗaukar zafi har ta fashe, ga shan mai. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kowane psi ɗaya da ya ragu a duka tayoyin yana cin kusan kashi 0.2 cikin 100 na mai, kuma daidaita iska na iya ceto har kashi 3. Ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota ya kamata ya zama abokin tafiyar duk mai shiga daji.

Taya lafiyayya ma tana zubar da kusan psi ɗaya a wata. Iskar ciki kuma tana hawa ko sauka da kusan psi ɗaya a duk sauyin zafi na digiri 5 zuwa 6, don haka awon sanyin asubar hunturu da na tsakar rana ba za su zo ɗaya ba. A auna da safe kafin motar ta motsa, da geji, ba da bugun ƙarfe ko harbi da ƙafa ba. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta ɗauka ce, ba abin da za a sa mata ba, wadda ke manne a ƙofar direba kuma ta tayar kamfani ce. Mai babbar taya sai ya yi gwajin alli: ya ja layi a faɗin haƙoran, ya yi 'yar tafiya a miƙe a kan kwalta. Idan tsakiya ya goge, iska ta yi yawa. Idan gefe da gefe suka goge, ta yi kaɗan. Zancen naitirojin kuwa, iskar da mai faci ke hurawa ma kashi 78 cikin 100 naitirojin ce.

Iskar gaba ita ce babbar abokiyar gaba

Turjiyar iska ba ta hawa daidai da gudu, ninkuwa take yi. Daga kilomita 80 a awa zuwa 120, gudu ya ƙaru da rabi, amma ƙarfin da iska ke tura motar baya ya ninka sau biyu da kwata. Motar da aka ɗaga ta ƙara faɗin ƙirji, tayoyinta sun leƙo waje, iska tana shiga ƙarƙashinta tana karo da aksil da safirin. Ita ta fi kowace mota biyan kuɗin gudu, kuma ita ta fi kowace cin ribar sassautawa. Ban san wani gyara da ya kai saukowa daga 120 zuwa 90 arha ba. Ma'aikatar da na ambata ta ce akwatin kaya a rufin mota yana iya ƙara shan mai da kashi 10 zuwa 25 cikin 100 a babban gudu, tuƙin fizga da burki kuma kashi 15 zuwa 30 a babbar hanya. Kowane ƙarin kilo 45 na kaya yana cin kusan kashi 1. Kariyar rufi da ba komai a kanta, bamban ƙarfe, jarkoki, jak na daji: wanda ba daji za shi ba ya ajiye su a gida.

Masu Hilux kuma su bar ƙofar bodi a rufe. Gwaji ya nuna iska tana yin wani dunƙule mai juyawa a cikin bodin, sauran iskar ta bi ta samansa ta wuce. Buɗe ƙofar yana rusa dunƙulen, ba ya ceton mai.

Makullin gaba

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, jif-jif na soja sun cika Amurka a hannun farar hula. A 1948 wani mai suna Arthur Warn ya ƙera abin da ke raba tayoyin gaba da aksil, domin kada su riƙa jan ƙarafan ciki a banza idan ana kan kwalta. Shi ne ɗan makullin nan da ake murɗawa a tsakiyar tayar gaba ta Land Cruiser da tsofaffin Hilux. Barin sa a kulle bayan an fito daga laka asarar mai ce. Tafiya da jan ƙafa huɗu a busasshiyar kwalta kuwa, a motar da ba don haka aka yi ta ba, tana ɗaure ƙarafan giya har su lalace.

Lita 11 a minti

Dodannin motocin wasan Amurka masu tattake ƙananan motoci sun samo asali daga Bigfoot, wata Ford F-250 da Bob Chandler ya fara gyarawa a tsakiyar shekarun 1970. Tayoyinsu na inci 66 asalinsu na injinan gona ne. Ba fetur suke sha ba, mitanol ne, kuma masu shirya wasan sun ce suna ƙona kusan lita 11 a minti guda.

Mai ƙishin ruwa ya fi cin ribar gyara

A 2008 wasu malamai biyu na Jami'ar Duke, Richard Larrick da Jack Soll, suka nuna yadda lissafin nisa a kowane galan ke yaudarar mutane. A mayar da shi lita. Ƙaramar motar da ta tashi daga kilomita 14 a lita zuwa 20 ta ceci lita 2.1 a duk kilomita 100. Jif ɗin da ya tashi daga 6 zuwa 7 kacal ya ceci lita 2.4. Don haka kada mai babbar mota ya raina ƙarin kilomita ɗaya. Masu motocin da aka shigo da su daga Amurka kuma su lura: mil suke ƙirgawa, kowanne kilomita 1.6, galan ɗinsu kuma lita 3.8 ne, na Ingila 4.5.

Abin da ba ya aiki, da abin da ke yi

Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta gwada na'urori sama da 100 da ake tallatawa da sunan rage shan mai, irin su maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututun mai, ba ta sami wadda ta yi wani tasiri na a zo a gani ba. Bincike a cibiyar Oak Ridge a 2009 ya nuna toshewar filtar iska a motar zamani ƙarfi take ragewa, ba mai take ƙarawa ba, domin kwamfuta tana daidaita man da iskar da ta samu; a tsohuwar mota mai kafireta ne take ƙara sha. Abin da ke cin mai a ɓoye shi ne cire tamostat, al'adar da ta yaɗu a garejojinmu da sunan maganin zafi. Injin da bai kai ɗuminsa ba kwamfuta tana ɗaukarsa a matsayin wanda aka tayar yanzu, sai ta yi ta zuba masa mai. Haka rashin saitin ƙafa bayan an ɗaga mota: tayoyin suna tafiya suna jan gefe. Haka barin inji a kunne ana hira: hukumomin Kanada sun ƙiyasta inji mai lita 3 yana ƙona kusan lita 1.8 a awa yana tsaye.

Mai karatu, kafin ka kai motarka wurin kowa, cika tanki har baki, rubuta abin da maleji ya nuna, yi tafiyarka ta yau da kullum, ka sake cikawa a famfo ɗaya. Gyara kilomitar da bambancin girman tayarka, sannan ka raba da litar da ta shiga. Yi haka sau uku, ka riƙe lambar, domin da ita za ka gane ko gyaran da aka yi maka ya yi aiki.